Gwadabe da Gaurakin Fadamar Utai

Ina tsugune ina ɗaure wa wani Bafulatani sarƙar kekensa, ranar Juma'a da hantsi, kasuwar Wudil ta fara cika, sai na ga Malam Dattijo tsaye a kaina. Bai yi sallama ba. Mutumin da ko akuya ya tarar a ƙofar rumfata sai ya yi mata barka da hutawa, yau ya tsaya kawai yana murza hularsa a hannu.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Haladu, sai haƙuri. Gwadabe ya cika, bayan sallar asuba."

Ban san lokacin da sifanar da nake ɗauri da ita ta suɓuce daga hannuna ba. Bafulatanin nan, Allah ya saka masa, ya ja kekensa ya tafi, sarƙar tana jan ƙasa. Na yi salati, na maimaita, na zauna daɓas a kan tsohuwar taya. Kuma ba zan ɓoye ba, bayan sunan Allah, sunan da ya fara zuwa bakina ba na mamacin ba ne. Cewa na yi, "Maikano, Allah ya isa."

Ni da Gwadabe tare muka tashi a Utai, tawada ɗaya muka sha, bulala ɗaya ta bi bayanmu. Ni aka kai ni firamare na ɗan taɓa, daga nan na koyi gyaran keke, na dawo Wudil na kafa rumfa kusa da gada. Shi kuwa ya gaji lambun mahaifinsa a bakin fadama, ya gaji jigonsa. Gajere ne, mai faffaɗar ƙafa irin ta agwagwa, in ya shiga taɓo ba ya nutsewa. Albasa yake yi da tumatir da ɗan latas. Da injinan ban ruwa suka fara shigowa, maƙwabtansa suka saya, shi ya ƙi. Na tambaye shi dalili, ya ce inji ba ya barin mutum ya ji abin da fadama take faɗa. Jigo kuwa ya sauka ƙiii, ya hau ƙiii, tsuntsaye sun saba da shi kamar kukan ɗan'uwansu.

Tun muna yara haka Allah ya yi shi. In aka tura mu korar tsuntsaye daga kan dawa, mu muna ta ihu muna kaɗa gwangwani, shi sai ka same shi baki buɗe yana kallon yadda buwa ke juyi a sama kamar hayaƙi. Ya sha duka a kan wannan hali bai daina ba. Da ya girma ya auri Hansai, ita ma ta gaji da faɗa ta koma dariya. Takan ce da ni, "Abokin nan naka, in an aike shi cefane ya ga zalɓe a hanya, to ranar sai dai a sha miya lami."

Malam Dattijo malamin kimiyya ne, baƙo ne aka turo shi garinmu aiki. Wata Lahadi ya fita bakin kogi da madubin hangen nesa, ya hango mutum kwance rub da ciki a cikin ciyawa. Ya zaci maharbi ne, ya tafi zai yi masa faɗa. Gwadabe ko juyowa bai yi ba, ya ɗaga masa hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, ka sassauta ƙafarka, tsuntsuwar tana ciyar da 'ya'yanta." Malam ya kwanta kusa da shi da farar rigarsa. A nan ƙungiyarmu ta samo asali. Malam ya raɗa mata suna Ƙungiyar Masu Sha'awar Tsuntsaye ta Wudil, sunan ya fi mu yawa, don ba mu taɓa wuce cikin kwale-kwale guda ba. Ni Gwadabe ne ya ja ni, ya ce ko ba komai in wani ya yi faci akwai mai gyara.

Lokacinmu shi ne farkon sanyi, in an gama girbi, ruwan kogi ya ja baya, tsibiran yashi sun fito. Kowace Lahadi da sassafe mukan hau kekuna mu bi gaɓa. Kirinjijiya takan sauko garke-garke tana fito, dinya takan tsaya can nesa da girman kanta, ladin kogi tana ta kai da kawowa a bakin ruwa kamar mai neman allurar da ta ɓace. Akwai wasu ƙananan agwagin ruwa da ba ma ganinsu sai a wannan lokaci. Malam ya ce daga ƙasar Turawa suke zuwa, sanyi ne ke koro su, su ƙetare teku da hamada su sauka a gabanmu.

Gwadabe ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Ashe 'yan ci-rani ne. To ai sai a riƙa yi musu sannu da zuwa." Tun daga ranar, duk shekara in ya ga na farko sai ya cire hula ya ce, "Maraba, yaya kuka baro gida? Yaya Turawa?"

Mutanen gari kuwa ba irin ba'ar da ba su yi mana ba. In mun dawo, mahautan bakin tasha sukan ɗaga murya, "Masu kallon nama sun dawo! Kun kalla kun ƙoshi?" Gwadabe yakan ce, "Mun ƙoshi, har mun rage muku gashin."

Amma abin da ya fi ƙauna duk duniya, bayan iyalinsa, gauraki ne guda biyu, mace da namiji, da ke zaune a wani lungu na fadama bayan lambunsa, inda kainuwa da geranya suka rufe. Shekara da shekaru suna nan. Ba ya cewa tsuntsayena, maƙwabtana yake cewa. In ya gama ban ruwa yakan watsa musu ɗan tsabar dawa a kan tudu, ya koma gindin jigo ya zauna. Da sanyin safiya sukan yi rawa, namijin ya buɗe fukafukai ya yi tsalle, ya sunkuya, macen ta amsa masa, tukkun nan nasu kamar zinariya yana rawa a ka. Ba wanda ya san wurin sai mu 'yan ƙungiya, kuma ko mu sai da Gwadabe ya sa muka yi alkawari.

Ana nan sai kuɗin man fetur suka faɗo wa ƙasa. Wudil ta canja kama. Tifa tana bin tifa, siminti ko'ina, kowa da rediyo a kafaɗa. Maikano, wanda muka sani yana dako a tasha, ya samu kwangilar kwasar yashi daga kogi yana kai wa masu gini a Kano. Kafin ka ce kwabo ya ɗora bene ya sayi fijo. Ban ƙi shi don arzikinsa ba, Allah ne ya ba shi.

Wata rana Malam Dattijo ya ce ƙungiyar da ba ta da uba marainiya ce. Gaskiya ya faɗa, don ko 'yan ƙwallo, ko mahauta, ko 'yan kamasho, kowa da uban ƙungiyarsa. Muka duba muka ga Maikano shi ne mai harka da kogi. Duk muka yarda, har Gwadabe. Muka je da goro, ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya aika Kano aka sayo mana sabon madubin hangen nesa, don na Malam ido ɗaya ya tsage. Sannan ya ce, tunda ya zama uba, yana so a nuna masa abin da 'ya'yansa suka fi ji da shi.

To uba ba a ɓoye masa ɗaki. Gwadabe ya kwana yana juya maganar, gari ya waye ya ce kunya ba za ta bar shi ya ci kyautar mutum ya hana shi kallo ba. Ranar Lahadi Maikano ya zo da fijonsa har bakin lambu, da shadda da takalmi sau-ciki. Da muka iso inda taɓo ya fara, ya tsaya yana duban takalminsa. Gwadabe ya durƙusa ya ce, "Hau, ranka ya daɗe." A bayansa ya goya shi. Ina so duk mai karanta wannan ya riƙe wannan wuri. A bayansa ya goya shi, ya ratsa taɓo da shi, ya sauke shi a kan tudu ko ɗigo bai taɓa rigarsa ba.

Kamar sun san da baƙo, ranar gaurakin suka yi rawar da ban taɓa gani ba. Maikano ya kalla, ya kalla, ya sauke madubi ya ce, "Kai! Waɗannan ai a tsakar gidan babban mutum suka dace." Muka yi dariya, mun ɗauka yabo ne.

A shekarar ce Maikano ya biya kujerar Makka, hajji kuma ya faɗo cikin sanyi. Ana ta yi wa gidansa fenti don ranar dawowa. Kowa ya san manyan attajiran Kano suna ajiye gauraka a tsakar gida, a ce tana ƙara kwarjini tana kore sharri. Maikano yana so in ya sauka da sunan Alhaji, masu zuwa barka su tarar da abin da ake tararwa a gidajen manya.

Mako bai zagayo ba da zuwan Maikano fadamar, Gwadabe ya isa lambu da sassafe ya ji kukan da bai taɓa ji ba. Ya yar da guga ya sheƙa. Ya tarar da ƙarti uku daga cikin masu loda wa Maikano yashi, sun kafa asuta, tarkon igiya, tun jiya a kan tudun da yake watsa dawa. Namijin sun riga sun danne shi sun cusa kansa a buhu. Macen igiya ta kama ƙafarta, ta yi ta fizga har ƙafar ta karye, ɗayansu yana cewa wannan ta lalace, a yanka kawai kada ta zama mushe. Gwadabe ya faɗa musu da hannu biyu. Mutum ɗaya, gajere, da ƙarti uku masu shebur. Suka maka masa ƙotar shebur a haƙarƙari, suka tura shi cikin ruwan sanyin nan suka danne, sai da ya daina motsi sannan suka sake shi. Da ya rarrafo ya fito, abin da ya tarar a kan tudu jini ne da gashi.

Tun daga ranar tari ya kama shi. Aka kai shi asibiti aka ɗaure ƙirjin, aka ba shi magani, ya dawo gida. Numfashi in ya ja sai ya riƙe gefe. Albasarsa ta bushe a tsaye, jigo ya yi shiru. Malam Dattijo ya je gidan Maikano har sau biyu, aka ce ba ya nan, alhali ga fijo a ƙofa, ga kukan gauraka yana tashi daga bayan katanga. A zuwa na biyu ya rataye musu madubinsu a ƙyauren gida ya juyo. Muka kai ƙara, aka ce yaran sun gudu garinsu, maigidan kuma ya rantse bai aike su su taɓa kowa ba. Magana ta mutu a nan. Tsuntsu ne, in ji su.

Sai ga shi ana jibi maniyyata za su tashi, Maikano ya fito zagayen neman gafara, yadda kowane mai tafiya Makka yake yi. Gida-gida yake bi, ya tsaya a zaure ya ce, "Zan tafi, a yafe ni." Amsar kuwa kowa ya san ta tun yana yaro: "Ba ka yi mana komai ba, mu yafi juna, a sa mu a addu'a." Ko wanda ka ci wa gona haka zai ce, don ba a tsare wa baƙon Allah hanya.

Ina zaune a zauren Gwadabe a Utai da la'asar, na kawo masa zuma, muka ji tsayuwar mota. Maikano ya shigo da fara'a, mutane na biye da shi, har da limamin unguwa. Ya tsuguna, ya ajiye ƙullin goro, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya jajanta jiki. Sannan ya ce, "Malam Gwadabe, Allah ya kira ni ɗakinsa. In na taɓa yi maka wani abu, da sani ko ba da sani ba, ka yafe ni."

Gwadabe yana jingine da bango, lulluɓe da bargo. Ya dube shi ya ce, "Ka yi mini."

Maikano ya yi 'yar dariya ya ce, "To ai shi ya sa na zo."

"Da sani ka yi. Ni na goya ka."

"Haba Malam Gwadabe, sharrin yara ne. Ni cewa na yi su kamo a hankali."

"Ka dawo da wanda ya rage inda ka ɗauke shi. In ka dawo da shi, ka zo mu yi maganar yafiya."

Maikano ya ce an riga an yanke masa fiffike, in aka sake shi dila ne zai cinye shi kafin gari ya waye. Gwadabe ya ce gashi yana tsirowa, shi zai yi gadinsa ko da rarrafe ne. Liman ya sa baki ya ce, "Gwadabe, ji tsoron Allah. Mutum zai tafi ɗakin Allah, ka riƙe shi a kan tsuntsu?"

Gwadabe ya yi tari mai tsawo, ya share bakinsa ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban riƙe shi ba, ga hanya nan. Ya je. In ya isa ya ɗaga hannu, Mai ɗakin ya san abin da ya bari a tsakar gidansa."

Fuskar Maikano ta yi baƙi ƙirin. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "An ce maka Aljanna a hannunka take? Matsiyacin banza mai jigo." Ya fita. Gwadabe ya ce da ni, "Haladu, bi shi da goronsa, ya manta." Na ɗauka na bi shi, na ɗora masa a kan bonet ɗin fijo a gaban jama'a. Tunda nake ban taɓa yin aiken da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Kafin magariba labari ya game Utai, washegari ya iso Wudil har Lajawa. Gari ya rabu. Wasu suka ce Gwadabe ya yi abin da ba a taɓa yi ba, ya kunyata maniyyaci. Wasu a ɓoye suka riƙa zuwa suna riƙe hannunsa. Maikano ya tafi Makka da abinsa a wuya. Waɗanda suka raka shi filin jirgi sun ce ko da aka zo sallama bai iya haɗa ido da kowa ba. Na ji daɗin wannan labari, kuma har yanzu ina jin daɗinsa.

Gwadabe bai ga dawowarsa ba. Muka kai shi makwancinsa ranar Juma'ar nan kafin a tafi masallaci. Hansai ta rage ita da 'ya'ya mata biyu, Barakatu da Uwa, da lambun da ba mai ja masa jigo. Ƙungiyarmu ba ta sake fita ba. Agwagin Turawa sun zo bana, sun sauka, ba wanda ya cire musu hula.

Alhaji Maikano ya sauka da haƙorin Makka, aka yi ta tururuwa gidansa. Ni ban je ba. Ya aiko wa Hansai da dabino da zamzam, ta mayar. Ya tsaya da motarsa a gaban rumfata ya yi mini sallama, na ci gaba da buga famfo. An ce rama cuta ga macuci ibada ne. Ni ba ni da ƙarfin ramawa, ba ni da kowa a sama, sifana ce kawai da ni. Amma gauraka tana da tsawon rai, Malam Dattijo ya tabbatar mini. Maƙwabtan Alhaji sun ce kullum da asuba namijin nan yakan tsaya a tsakar gida ya miƙa wuya ya yi ta kiran matarsa, ba ya fasawa. Alhaji ba ya iya yanka shi don kada a ce tsoro ya ji, ba ya iya sakinsa don kada a ce mai jigo ya ci shi. Ina roƙon Allah ya ƙara wa tsuntsun nan kwana da ƙarfin murya. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Ranar Alhamis, ana gobe zai rasu, na rufe rumfa da wuri na hau keke na tafi Utai. Na tarar an fito da shi tsakar gida yana shan iskar yamma. Ya rame har idanunsa sun faɗa. Hansai ta tare ni a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Don Allah ka yi masa magana. Dattawa sun zo sun ce ya yafe wa kowa kafin lokaci ya yi, kada ya tafi da riƙo a zuciya. Ya yi musu shiru. Kai yana jin maganarka."

Na zauna kusa da shi na kama hannunsa, hannun nan mai kanta saboda igiyar guga, yanzu ba nauyi kamar kara. Ya buɗe ido ya ce, "Mai faci, ka zo?"

Na ce, "Na zo, mai ƙafar agwagwa."

Ya yi murmushi. Sannan na ce, "Mutumina, an ce in roƙe ka ka yafe."

Ya ce, "Kai ma?"

Na ce, "Aike ne. Na isar."

Ya ja numfashi da ƙyar ya ce, "Mahautan da suka yi mana dariya na yafe. Yaran da suka doke ni ma na yafe, yunwa ce ta aike su. Haƙarƙarina nawa ne, na bar wa Maikano shi, ka gaya wa Hansai ta kwantar da hankalinta."

Na ce, "To saura me?"

Ya ce, "Saura ita, macen da suka yanka. Ta yarda da ni, Haladu, a kan dawata ta taka igiya. Wannan ba haƙƙina ba ne balle in yafe. In yana so, ya je ya nemo ta ya roƙe ta."

Hawaye ya zubo mini. Na ce, "In ya dawo ya zo wurina fa, ya ce in nema masa yafiya?"

Ya matse hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ce, "Ka ce masa na tafi gaba. Ya same mu a can, ni da ita."

Na ce, "Zan gaya masa."

Ya ce, "Kada ka sassauta murya."

Na ce, "Ba zan sassauta ba."